Jan Biron Manaja

Shekarata goma sha bakwai da maigidana, ban taɓa jin "ban sani ba" ta fita daga bakinsa ba. Ko tuƙin jirgin sama ka tambaye shi, zai gyara zama ya ce ai abu ne mai sauƙi, matuƙan ne kawai suke son a riƙa jin tsoronsu. Aikinsa kula da wani bene mai hawa huɗu, gidaje goma sha shida. A takardar ɗaukar aiki "mai kula da gida" aka rubuta, amma shi ya raɗa wa kansa Manaja, har ya sa aka zana sunan a ƙofar ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, inda tsintsiya da moda suke kwana. Sunan kuwa ya bi shi, yanzu ko 'ya'yansa in suna son wani abu Manaja suke ce masa.

Mu muna zaune a ɗakuna biyu na bayan benen, waɗanda suka zo tare da aikin. In aikin ya tafi, ɗakunan sun tafi. A nan na haifi 'ya'yana uku, makarantarsu tana ƙarshen layi, kuma ni ban san wani gida ba bayan wannan.

Wata safiyar Litinin sai ga Hajiya mai benen ta zo da 'yar ƙaninta, wadda kowa ke kira Injiniya. Ta yi wata guda tana zirga-zirga da wayoyi da tsani, ranar ce za ta miƙa aikinta. Abin da ta haɗa mana sunansa Wakili. Ba mutum ba ne, irin manhajar nan ce mai basira, zamansa a cikin kwamfutar ofis. Ka aika masa saƙo daga wayarka, ya karanta, ya zaɓi abin da zai taɓa a cikin kayan aikinsa biyar: get, injin ruwa, babban bawul mai buɗewa da rufe bututu, lasifikar da ke kowane hawa, da layin kiran masu gyara.

Ina sharar bakin ofis, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena aka faɗe shi.

"Baba Manaja," in ji Injiniya, "Wakili bai taɓa ganin gidan nan ba. Ba shi da ido, sai 'yar na'urar da ke gaya masa in mutum ya tsaya a get. Iyakar saninsa abin da aka rubuta masa. Kowane kayan aiki yana da takardar bayaninsa: mene ne shi, yaushe ake taɓa shi, yaushe ba a taɓa shi. In bayanin ya miƙe, aiki ya miƙe. In ya karkace, Wakili zai bi karkatar da zuciya ɗaya."

"Na sani," in ji maigidana, wanda minti biyar da suka wuce yake neman makunnin kwamfutar a bayan allonta.

"Zan yi tafiyar kwas, sai Asabar. Ina so ka duba min ingancin takardun nan, tunda kai ka san gidan. Ga buƙatu ashirin na rubuta irin waɗanda mutane ke aikowa. Ka sa su ɗaya bayan ɗaya a wurin gwaji, nan inda na yi kore, Wakili zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Inda ya zaɓi abin da bai dace ba, ka yi min alama. Na bar maka damar gyara, amma don ƙananan kurakurai ne kawai, kamar lambar gida."

Hajiya ta gyara mayafinta ta ƙara da cewa, "Ranar Asabar sai a tara mazauna, mu ga yadda abin yake tafiya. Daga nan zan san ko gidan yana bukatar mai kula da shi kullum, ko kuwa mai shara sau biyu a mako ya isa."

Na tsaya da shara, don na gane aikinsa ake nufi. Shi kuwa gogan naku bai ji wannan ɓangaren ba sam. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne an naɗa shi alƙalin masu digiri. Motar Hajiya ba ta gama fita layi ba ya tafi shago ya sayo jan biro.

Da rana na kai masa shayi na tarar ya buga takardun biyar ya baje su a tebur, ya sa tabarau da ba na karatu ba.

"Zo ki ji abin kunya," ya ce. "Ga bayanin lasifika. 'Tana sanar da dukan gidan. A yi amfani da ita don abin da ya shafi kowa, kamar ɗaukewar ruwa ko gobara. Kada a sanar da saƙon mutum ɗaya. Kada a kunna ta tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na rana.' Shi ke nan! Yarinya ta yi shekara biyar a jami'a ta zo ta rubuta layi huɗu, biyu a ciki ma faɗa ne."

"To ai ni na gane shi sarai."

"Shi ya sa na ce bai yi ba. Abin da ke kika gane a karatu ɗaya, ina zurfinsa?"

Ya nuna min ma'auninsa, wanda ya ce har ƙasashen waje ba su kai ga irinsa ba. Maki huɗu na tsawo, maki uku na daɗin ji a kunne, maki uku na girmama mai karatu. Takardar lasifika ta samu biyu bisa goma. Ta get biyu. Ta injin ruwa ɗaya, don "kada" ta fito a ciki sau uku.

"Kin taɓa ganin an ɗauki sabon ma'aikaci, ranar farko ana ce masa kada, kada, kada? Kashe masa gwiwa ne. Ma'aikaci yabo yake so."

"Malam, kai da tun safe kake bin mutane kada a shanya kaya a matakala, kada a zuba ruwan wanki a bakin get?"

"Wannan mutane ne. Wakili mai ilimi ne."

"Gwajin da ta ce fa? Buƙatu ashirin ɗin?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Gwaji na mai shakkar kansa ne."

Wuni ya yi yana buga rubutu da yatsa ɗaya. Duk jimlar da ta fara da "kada" ya share ta. Injin ruwa ya zama jarumi wanda bai san gajiya ba, duk inda aka ambaci ruwa a tashe shi. Sashen da ya yi bayanin yadda ake kashe injin ma ya cire, wai kalmar ba ta da daɗin ji. Get ya zama fuskar gidan karamci, inda ba a barin baƙo a tsaye. Amma lasifika ita ta kwashi gara, don dama can maigidana ba abin da yake so a duniya kamar ya ji murya tana cika gida. Shafi uku ya yi mata. Na haddace farkon don sau shida ya karanta min: "Lasifika ita ce uwar kayan aikin gidan nan. Babu wata buƙata, ƙarama ko babba, da ba ta amfana da ita. Wakili mai hankali yana farawa da ita kafin komai."

Takardar bawul ce kaɗai ta tsira, don ta maƙale a bayan wata bai gan ta ba.

Da ya gama sai ya yi nasa gwajin. Ya rubuta wa Wakili: "Shin ba ka ga bayanina ya fi na da kyau ba?" Wakili ya amsa da ladabi cewa an rubuta shi da ƙwazo sosai, amma... Daga "amma" zuwa ƙasa akwai layi kusan goma, ni na gan su da idona. Maigidana ya rufe allon ya ce, "Kin ji? Da ƙwazo sosai. Shi da kansa ya faɗa."

Talata da hantsi ina wanke-wanke sai na ji ƙararrawa mai daɗi, ɗin-ɗon, a dukan hawa huɗu. Wata murya mai sanyi ta biyo baya.

"Sanarwa ga dukan mazauna. Sufeto na lamba ɗaya yana jiran mai kawo masa baƙin rini na rufe furfura, kwali biyu. Ya ce a buɗe masa get a hankali kada kowa ya gani."

Sufeto tsohon ɗan sanda ne, ya haura saba'in, gashinsa kuma baƙi wuluk kamar na ango. Kullum yana gaya mana gadon gidansu ne. Ya fito da singileti, sanda a hannu, yana huci.

"Manaja! Shekara talatin da biyar ina riƙe asirin gwamnati, yau a gidan da nake kwana za a tona nawa?"

"Yallaɓai, kwantar da hankalinka, injin yana kan koyo ne. Kuma ai ba wanda ya fahimci zancen."

Nas ta lamba huɗu ta leƙo ta taga da buroshi a bakinta. "Kowa ya sani, Yallaɓai. Tun ranar da ruwan sama ya same ka a bakin get."

Sufeto ya karɓi kwalayensa ya koma ciki, bai sake fitowa ba sai da yamma, da hula har kunne.

Laraba abin ya faɗa kan malamin lissafi na lamba tara. Surukinsa mutum ne mai son ziyara, in ya zauna kuma sai ya ba da tarihin ciwon gwiwarsa tun daga farko. Malam ya hango shi ta taga yana tahowa, ya yi maza ya aika wa Wakili saƙo. Dattijon yana isowa get ya buɗe masa da kansa, tunda gidan karamci ne. Ya shigo yana murmushi, yana yaba zamani, sai ɗin-ɗon.

"Sanarwa ga dukan mazauna. Malami na lamba tara ya ce idan surukinsa ya zo a ce masa ba ya nan, ya tafi taron makaranta."

Dattijon ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga kai ya dubi tagar lamba tara, labule ya motsa. Ya hau matakala a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ya yi zaman da bai taɓa yin irinsa ba, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Da Malam ya rako shi, ya biyo ta ofis idonsa jawur.

"Manaja, me na yi maka?"

"Malam, ka duba ta ɗaya gefen. Da bakinka aka aika, da sai a ce ka yi ƙarya. Yanzu kuwa injin ya raba ka da zunubi."

"Ya kusa raba ni da matata dai."

Alhamis da ƙarfe biyu na rana Nas ta dawo daga aiki ta kwanta, yara suna buga ƙwallo a ƙasan tagarta. Ta rubuta a roƙa mata su rage hayaniya. Wakili ya fara da uwar kayan aiki, ya sanar da hawa huɗu cewa Nas tana barci a yi shiru. Lasifikar hawan nata kuwa daidai saman ƙofarta take. Ta rubuta cewa lasifikar ce yanzu ta dame ta. Wakili ya sanar da cewa Nas ta ce lasifika ta dame ta. Ta sake rubuta wata magana, wadda ba zan maimaita ba, Wakili kuwa ya maimaita ta da muryarsa mai sanyi, har yaran suka tsaya da ƙwallo suna tambayar ma'anarta.

Daga ranar ba wanda ya ƙara aika wa Wakili ko gaisuwa. Mutane suka koma ƙwanƙwasa ƙofata, suna raɗa min buƙatunsu kamar masu sayar da kayan sata. Juma'a da yamma maigidana ya shigo yana taku ɗai-ɗai da takarda a hannu.

"Duba nan. Talata ƙorafi goma sha ɗaya. Laraba bakwai. Yau ko ɗaya babu. Wannan shi ake kira sakamako."

"Tsoro suke ji, Malam."

"Gamsuwa ce."

Na ajiye abin da ke hannuna na zauna a gabansa. Na ce masa ni ma tsoro nake ji, kuma ba wasa nake ba. Na ce gobe Hajiya za ta zo, in ta ga wannan shirmen ina za mu kai yaran nan, ina za mu kai gadon da sai da aka cire ƙofa kafin ya shiga ɗakin? Na roƙe shi ya mayar da takardun yarinyar nan yadda suke. Ya gyaɗa kai a hankali, har na ɗauka maganar ta shige shi. Ashe lissafi yake yi.

"Gobe in Hajiya ta ga aikina," ya ce, "ɗaki na uku za ki roƙa, ba biyun nan ba."

Asabar da safe ya tashi ya cika tankin saman bene da hannunsa kamar yadda ya saba, minti arba'in daidai, ya kashe injin. Sannan ya jera kujeru a tsakar gida a inuwar bango, ya kawo tebur ya shimfiɗa masa zanen gadona mai fure ba tare da ya tambaye ni ba. Ya sa kwat ɗin da ya yi ɗaurin auren ƙaninsa da ita. Mazauna suka fito kaf, ban taɓa ganin taro ya cika haka ba, kowa fuskarsa ɗauke da irin murmushin mai jiran kallo. Hajiya ta zauna a gaba. Injiniya ta iso daga tasha kai tsaye, jakar tafiya a kafaɗa, ba ta san wainar da ake toyawa ba.

Maigidana ya buɗe taro da jawabin minti ashirin a kan tarihin rubutu. Daga nan ya ɗaga babbar takarda mai layi-layi, maki da jan biro.

"Kafin in karanta sakamako, ina so Hajiya ta gani da idonta. Jama'a, kowa ya ɗauko wayarsa ya aika wa Wakili buƙata. Kada ku ji kunya."

Ba wanda ya motsa. Sai Sufeto ya gyara hularsa ya ce, "Ni zan fara," da wata irin murya mai taushi da ban yarda da ita ba. Ya rubuta cewa ruwan banɗakinsa ba shi da ƙarfi. Lasifika ta sanar wa duniya. Can bayan gida muka ji injin ruwa ya tashi.

"Kun ji?" in ji maigidana. "Ko ƙiftawar ido bai yi ba."

Malamin lissafi ya rubuta cewa yana son sanin ko za a yi ruwan sama. An ambaci ruwa, don haka jarumi ya ƙara ƙaimi. Ni na san tankin a cike yake. Na yi ta yi wa maigidana alama da ido, shi kuwa ya ɗauka jinjina nake masa, har ya ɗan rusuna min.

"Takardar lasifika ta Injiniya," ya fara karantawa, "biyu bisa goma. Dalili, gajarta da rashin ladabi."

Injiniya ta ɗago kai. "Rashin me?"

"Za ki koya, 'yata, ba laifinki ba ne. Takardar get..."

Ɗigo ɗaya ya sauka a kan takardar. Ya share da hannun riga. Na biyu ya sauka a kan makin, jan tawada ya fara gangarowa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, rana tas babu ko gajimare. Kafin ya sauke kai, ruwa ya zubo daga bakin rufin kamar an kifar da baho, ya bi bango, ya sauka daidai tsakiyar tebur. Zanen gadona, kwat, takardar sakamako, duk suka yi sharkaf. Hajiya ta miƙe da sauri irin wanda ban san tana da shi ba, mayafinta yana ɗiga.

Ana cikin guje-guje da kujeru sai wani mai tallan bokitai da ke wucewa ya tsaya a bakin get yana leƙen abin da ke faruwa. Get ya buɗe masa, tunda ba a barin baƙo a tsaye. Mutumin ya turo kurarsa ciki, ya dubi ruwa, ya dubi jama'a, ya ce, "Wa ya kira ni? Allah ya yi masa albarka."

Maigidana ya ja da baya ya laɓe a bayan kurar bokitai. Na gan shi ya zaro waya yana dannawa da sauri. Na buɗe baki in hana shi, amma na makara. Ɗin-ɗon.

"Sanarwa ga dukan mazauna. Manaja ya ce: Wakili don girman Allah ka kashe injin nan kafin Hajiya ta gane ni na goge bayanan Injiniya, ban yi gwajin ba ko ɗaya, ka rufa min asiri ina da iyali."

Muryar ta ci gaba.

"Ban sami bayanin yadda ake kashe injin ruwa ba. Takardarsa ta ce bai san gajiya ba."

Sufeto ne ya fara fashewa da dariya, har hularsa ta faɗi bai damu ba. Nas ta riƙe ciki ta jingina da bango. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, don ina kallon fuskar Hajiya, kuma ita ba dariya take yi ba.

Injiniya ta jefar da jaka ta duba wayarta. "Takardar bawul tana nan yadda na bar ta. Bari in sa Wakili ya rufe babban bawul, ruwan zai tsaya." Ta kai wayar bakinta.

"Kada!"

Ban taɓa jin maigidana ya yi ihu irin wannan ba. Ya fito daga bayan kura har yana ture bokitai.

"Kada ki rufe bawul injin yana aiki! Bututun zai fashe a mahaɗar da ke cikin bangon lamba huɗu, daidai kan gadon Nas. Shekara takwas da suka wuce an yi, sai da aka fasa bango!"

Dariyar Nas ta ɗauke nan take. Injiniya ta sauke wayar a hankali. Shi kuwa ya riga ya zura a guje zuwa ɗakin injin, kwat tana ɗiga, mu duka muka bi shi.

"Kada kowa ya shigo da jiƙaƙƙen takalmi! Yallaɓai, kada ka jingina da ƙarfen nan, yana ja! Injiniya, kada ki taɓa makunnin hagu, na ado ne, tun da aka sauya injin ba a haɗa shi da komai ba." Ya ɗauko wani busasshen katako da ke rataye a ƙusa, ya tura makunnin dama da shi, injin ya yi tari ya mutu. "Yanzu kada a rufe bawul sai an ƙirga sittin. Kuma kada a sake tashin injin yau, in ya yi zafi sai ya wuni yana fushi. Kada kowa ya hau matakalar baya, hawa na uku akwai tayil mai santsi in ya jiƙe."

Da na waiwaya sai na ga Injiniya tana rubutu a wayarta da sauri, tana ƙirga wani abu da yatsu.

Aka koma tsakar gida, kowa yana matse gefen rigarsa. Hajiya ta zauna a kujera ɗaya da ta rage a bushe. Maigidana ya tsaya a gabanta ya yi tsuru-tsuru, jan tawada har gemunsa. Ni ina bayansa, ina ta lissafin wa zai ara mana mota mu kwashe kaya.

"Manaja, nawa ka ba takardar 'yata?"

"Biyu bisa goma, Hajiya."

"Naka fa?"

"Goma sha ɗaya. Ɗayan na ƙarfafa gwiwa ne."

Hajiya ta rufe ido ta buɗe. "Na ba ka aikin duba takarda, ka mayar min da gida gidan rediyo. Ka ba ni dalili ɗaya da zai hana in karɓi makullai yau."

Karo na farko a shekara goma sha bakwai, na ji maigidana ya buɗe baki ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Ban sani ba, Hajiya." Wallahi sai da idona ya ciko. Na daɗe ina jiran ranar da zai faɗi kalmar nan, da ta zo kuma sai na ji ba na so.

"Goggo, ni ina da dalili," in ji Injiniya. "Abin da ya yi shirme ne, ba na musu. Amma da na rufe bawul ɗin nan, da yanzu bango muke fasawa, kuma takardata ce ta ce a rufe. A minti biyu ya faɗi abubuwa bakwai da ba a yi a gidan nan, ko ɗaya babu a rubutuna. Ni na rubuta abin da injin yake yi. Abin da gidan ba ya so, a kansa yake. In da gaske za a ba takarduna maki, ba su wuce biyar ba."

"Na ce biyu," in ji maigidana, wanda ya fara farfaɗowa. Na taka masa ƙafa.

Hajiya ta matse ruwan mayafinta. Sannan ta miƙa hannu. "Kawo biron." Ya zaro shi daga aljihun kwat kamar mai ba da ɗansa riƙo. Ta juyo ta miƙa min. "Ke za ki riƙe. Shi bakinsa kawai nake bukata. Zai zauna ya faɗa, Injiniya ta rubuta, a gwada a gaban mazauna. Kwamfuta kuma ko ƙura ce a kanta, kada ya goge."

Mako biyu suka yi suna aikin. Ashe mutumin nan rumbu ne, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban sani ba. Kada a buɗe get gaba ɗaya in motar shara tana layi. Kada a kira mai gyaran famfo na kusa don aikin hawa na huɗu, yana tsoron tsani. Injiniya tana rubutawa a gajarce, shi yana roƙon a ƙara ko kalma ɗaya ta yabo, tana ƙi. Da suka gama aka sa buƙatu ashirin ɗin nan a wurin gwaji, Sufeto da Nas da malamin lissafi suna zaune a matsayin alƙalai. Wakili ya ci sha tara. Ɗayan da ya faɗi, aka koma takardar aka gyara, ya ci.

Muna nan a ɗakunanmu biyu. Na uku dai bai zo ba. Maigidana kuma ya warke sarai, don jiya na ji shi a bakin get yana gaya wa mai bokitai cewa duk abin da ya faru shi ya tsara, wai a ƙasashen da suka ci gaba sai an jiƙa gida da gangan kafin a san ingancin takarda.

Takardar lasifika yanzu layi biyar ce. Huɗu na Injiniya ne, yadda ta rubuta su tun farko. Na biyar mazauna ne suka nema, aka kaɗa ƙuri'a ba wanda ya ƙi, har ni. Yana cewa: "Kada a sanar da komai da Manaja ya aiko, sai matarsa ta amince."

Ya karanta shi sau biyu, ya cire tabarau, ya ce layin bai da daɗin ji a kunne. Na zaro jan biro na ba shi goma bisa goma.